BABI NA HUƊU: SHIRIN HAIHUWAR KARYA A WAJEN MAFARAUTAN ƘASAR TOFA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kayan aikin mafarauci, inda aka nuna cewa kare yana cikin muhimman abubuwan da farauta ba ta yiwuwa sai da su. A wannan babi kuwa, za a dubi yadda ake shirya wa haihuwar karya, tun daga ranar da aka yi mata barbara har zuwa ranar da za ta yaye 'ya'yanta. Za a fi mayar da hankali a kan ƙaramar karya, wato wadda ba ta da girman jiki, domin ita ce ta fi fuskantar haɗari wajen haihuwa. Haka kuma za a riƙa kwatanta abin da aka saba yi a gargajiyance da abin da ilimin likitancin dabbobi ya tabbatar, domin a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Hausawa na cewa ba a kiwon kare ranar farauta. Idan aka lura, za a ga cewa kiwon nan da ake magana yana farawa ne tun kwikwiyo yana cikin uwarsa.

4.1 Matsayin Karya a Gidan Mafarauci

Ƙaramar Hukumar Tofa tana yamma da birnin Kano, kuma ta yi iyaka da ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Ungogo da Rimin Gado. Daga cikin garuruwanta akwai Tofa da Doka da Lambu da Langel da Janguza. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa akwai mutane sama da 97,000 a cikinta. Tana cikin yankin nan na kewayen Kano wanda tun a shekarar 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana shi da yankin cunkoson jama'a, inda gona ke manne da gona, kuma ake noma kowace gona duk shekara ba hutu.

Wannan yanayi ya shafi farauta ta fuska biyu. Ta fuskar farko, tunda babu babban daji a kusa, abin da ake samu a gida bai wuce ƙananan namun daji ba, irin su zomo da gafiya da kurege da bushiya, waɗanda kama su ke buƙatar kare mai sauri da ƙarfin hanci. Mai neman abin da ya fi haka sai ya bi ayarin mafarauta zuwa dazuzzuka masu nisa. Ta fuska ta biyu, tunda gidaje a kusa da juna suke, duk karyar da ta haihu a tsakiyar mutane da yara da awaki da kaji za ta haihu, saboda haka lafiyarta ta shafi lafiyar unguwa baki ɗaya.

Ta fannin addini kuma, hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun yi hani ga ajiye kare haka kawai, amma sun keɓe karen farauta da na tsaron dabbobi da na gona. Aya ta 4 a cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Har wa yau, Waƙidi ya kawo a littafinsa na Magazi cewa a kan hanyar zuwa buɗe Makka, Manzon Allah (S.A.W.) ya ga wata karya tana shayar da 'ya'yanta a gefen hanya, sai ya sa wani sahabi ya tsaya kusa da ita don kada runduna ta dame su. Wannan ya nuna cewa wanda ya ajiye karya bisa halas, kula da ita lokacin haihuwa hakki ne a wuyansa.

4.2 Girman Jiki da Dangantakarsa da Haihuwa

Karen gida da aka saba gani a ƙasar Hausa matsakaici ne, siriri, mai gajeren gashi da dogon baki. Irin wannan ƙira tana taimaka wa karya wajen haihuwa, domin kan kwikwiyo siriri ne, yana bin ƙugun uwa ba tare da wahala ba. Wannan ne ya sa mafi yawan karnukan ƙauye ke haihuwa su kaɗai, sai dai a wayi gari a ji kukan 'ya'ya. Amma akwai wasu halaye guda huɗu da ke sa ƙaramar karya ta shiga matsala:

(a) Idan ta yi ciki tun a zuwan jininta na farko, wato tana 'yar wata shida zuwa goma sha biyu, alhali ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba.

(b) Idan babban kare na ƙasashen waje, irin su Alsatian waɗanda ake ajiyewa don gadi a birni, ya yi mata barbara. A nan 'ya'yan na iya yin girman da ya fi ƙarfin ƙugunta.

(c) Idan ɗa ɗaya ko biyu kawai ta ɗauka. Ɗan da ya zauna shi kaɗai a mahaifa yakan yi girma ainun, kuma wani lokaci naƙudar ma ba ta tashi a kan kari.

(d) Idan ta taɓa karyewa a ƙugu, ko ta hanyar bugun mota ko babur ko jifa, domin ƙashin da ya ɗore a karkace yana rage faɗin hanyar da ɗa zai bi.

Baya ga waɗannan, akwai ƙananan karnukan ado da wasu mazauna birni ke ajiyewa, irin su Chihuahua da Lhasa Apso. Waɗannan ba ruwansu da farauta, amma an ambace su ne domin a wajensu aka fi sanin wahalar haihuwa, musamman Chihuahua wanda kansa ke da girma idan aka kwatanta da jikinsa. Duk abin da za a faɗa a nan game da ƙaramar karyar gida ya shafe su, har ma fiye.

4.3 Barbara da Lissafin Kwanakin Ciki

Galibin karnuka sukan nemi namiji sau biyu a shekara, wato kusan kowane wata shida ko bakwai, ko da yake wasu jinsunan Afirka sau ɗaya suke yi. Alamar farko ita ce kumburin gaba da ɗigar jini na kimanin kwana tara. A wannan lokaci karnuka maza na binta, amma ba ta tsayawa. Bayan haka sai jinin ya tsinke ya yi fari-fari, ta fara tsayawa, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ciki ke shiga.

Cikin karya yana ɗaukar kimanin kwana 63, wato wata biyu da 'yan kwanaki. Amma idan daga ranar barbara aka fara ƙirga, haihuwa na iya zuwa tsakanin kwana 58 zuwa 68. Dalili kuwa shi ne, maniyyin kare na iya rayuwa kwanaki da dama a jikin karya kafin ƙwai ya nuna. Wannan dalilin ne kuma ya sa haihuwa ɗaya kan ƙunshi 'ya'yan maza biyu ko fiye, idan ba a tsare ta ba. Saboda haka mafaraucin da yake son irin wani kare na musamman, dole ya ɗaure karyarsa ko ya kulle ta har kwanakin su wuce.

Lissafin kwanaki yana da muhimmanci ga mafarauci ta wata fuskar. Farauta sana'ar rani ce, wadda ake farawa bayan an kawar da amfanin gona. Misali, idan aka yi wa karya barbara ranar 1 ga Oktoba, ana sa ran haihuwarta ranar 3 ga Disamba, kuma sai a fara sa ido tun daga 28 ga Nuwamba har zuwa 8 ga Disamba. Daga nan za ta yi shayarwa har ƙarshen Janairu. Ke nan ta rasa wani babban ɓangare na lokacin farauta, sannan 'ya'yanta sun faɗo a tsakiyar hunturu. Wanda ya riƙe ranar barbara, ko da ta hanyar danganta ta da ranar kasuwa ko tsayuwar wata ne, shi ne zai iya yin tanadi tun da wuri.

A makonni huɗu na farko ba a cika gane cikin ba. Daga mako na biyar ne ciki ke fara fitowa, nonuwa su yi girma su yi ja. Likitan dabbobi na iya tabbatar da ciki ta hanyar lalube ko na'urar hoton ciki daga wajen kwana 25 zuwa 30. Bayan kwana 45 ƙasusuwan 'ya'ya kan fito a hoton ƙashi, har a iya ƙirga su. Ya kamata a sani cewa akwai cikin ƙarya, inda karya za ta kawo nono har ta yi shirin makwanci alhali babu komai a mahaifarta.

4.4 Kula da Karya Mai Ciki

4.4.1 Abinci

Abincin kare a ƙauye bai wuce ragowar tuwo da ƙanzo da kunu da dusa ba, sai kuma kayan cikin abin da aka kamo a daji. Wannan abinci na iya riƙe karya a makonni biyar na farko, domin a lokacin 'ya'yan ba su yi girma ba. Amma a makonni uku na ƙarshe ne 'ya'yan ke yin mafi yawan girmansu, saboda haka ana buƙatar a riƙa ƙara mata abinci sannu a hankali, har ya kai ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin abin da ta saba ci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abinci mai gina jiki, kamar dafaffen kayan ciki daga mahauta, da busasshen kifi, da dafaffen ƙwai, da wake da ya dahu ya yi laushi. Tunda 'ya'ya sun matse tumbinta, sai a raba mata abincin sau uku ko huɗu a yini. Haka kuma kada kaskon ruwanta ya bushe.

Akwai abubuwan da ake guje wa. Albasa mai yawa tana lalata jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Ƙiba mai yawa ita ma tana raunana naƙuda. Sannan bai kamata a ba mai ciki ƙwayoyin ƙarin sinadarin kalsiyam ba sai da izinin likita, domin yin haka na sa jikinta ya yi sakaci wajen jawo sinadarin daga ƙashi a lokacin da shayarwa za ta buƙace shi.

4.4.2 Aiki da Magani

Karya mai ciki na iya yawonta na yau da kullum, kuma yawon yana ƙara mata ƙarfin jiki. Amma daga mako na biyar ya kamata a daina fita da ita farauta, saboda gudu mai tsanani da zafin rana da faɗa da sauran karnuka na iya jawo ɓari. Game da kaska da ƙuma kuwa, kuskure ne babba a shafa mata fiya-fiya ko maganin feshin gona ko baƙin mai, domin guba ce da ke ratsa fata. Abin da ya dace shi ne a cire kaska da hannu, a tsabtace makwanci, sannan a nemi maganin da ya dace da mai ciki a wajen malamin dabbobi. Haka abin yake game da maganin tsutsar ciki. Rigakafi kuwa kafin barbara ya fi dacewa a yi shi, domin kariyar ta bi ta nono ta isa ga 'ya'ya.

4.5 Tanadin Makwanci da Kayan Aiki

Idan aka bar karya da kanta, takan nemi wuri mai duhu inda ba kowa, kamar ƙarƙashin rumbu, ko cikin tsibin kara, ko kango, ko ta haƙa rami a gindin danga. Wannan ɗabi'a tana da amfani domin tana ɓoye 'ya'ya, amma tana da illa uku. Na farko, idan haihuwa ta zo da gardama ba mai iya kai mata hannu. Na biyu, irin waɗannan wurare mazaunin maciji ne da kunama da tururuwa. Na uku, a ƙasar da fitsari ya ɓata ne wani ƙuda ke yin ƙwai, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta zauna a ciki kamar maruru.

Saboda haka ya kamata mako ɗaya ko biyu kafin lokaci a keɓe mata wuri a riƙa ba ta abinci a nan har ta saba. Wurin ya kasance:

(a) Nesa da turken awaki da wurin wasan yara da wurin girki.

(b) Busasshe, mai rufi, wanda ruwan sama ba ya shiga da damina.

(c) Mai faɗin da za ta miƙe sosai, da ɗan shinge kamar tsawon taƙi ɗaya da zai hana 'ya'ya fita.

(d) An shimfiɗa buhu ko tsummoki masu tsabta waɗanda za a iya wankewa ko ƙonewa.

Batun ɗumi yana da muhimmanci ƙwarai, domin sabon kwikwiyo ba ya iya riƙe zafin jikinsa. A makon farko yana buƙatar ɗumin da ya kai digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, alhali a daren hunturu sanyin ƙasar Kano kan sauko ƙasa da digiri 15. Don haka sai a kare wurin da zana ko buhu ta gefen gabas da arewa inda iska ke bugowa. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, inuwa da iska da ruwan sha ake buƙata, kuma ɗakin kwano a rufe na iya kashe uwa da 'ya'ya.

Kayan da ake tanada sun haɗa da tsummoki masu tsabta, da sabuwar reza, da zare, da aidin, da sabulu, da fitila, da kwali ko kwando na ajiye 'ya'ya, da ma'aunin zafin jiki idan da hali. Bugu da ƙari, tun kafin ranar ya kamata mai karya ya san malamin dabbobin da zai kira, da abin hawan da zai kai shi birni, inda akwai asibitocin dabbobi irin na Gwale.

4.6 Alamomin Naƙuda da Matakan Haihuwa

Kwanaki kaɗan kafin haihuwa nono yakan kawo, gaba ya saki. Alama mafi tabbas ita ce faɗuwar zafin jiki. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 zuwa 39. Idan ya sauko zuwa wajen 37, to ana sa ran naƙuda cikin awa 24. Ita haihuwar an kasa ta mataki uku.

4.6.1 Mataki na Farko

A nan ne bakin mahaifa ke buɗewa. Karya takan ƙi abinci, ta riƙa haki da rawar jiki da tonon shimfiɗa, tana shiga tana fita, wani lokaci har ta yi amai. Wannan yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, kuma ga mai haihuwar fari yana iya kaiwa awa 24. Abin da ake buƙata a nan shi ne a bar ta ta huta, a kori yara da 'yan kallo, domin firgita na iya tsayar da naƙuda. Mutum ɗaya wanda ta saba da shi ya isa.

4.6.2 Mataki na Biyu

A nan ne faya ke fashewa, ta fara yunƙuri. Kowane kwikwiyo yakan fito a cikin jakarsa, sai uwar ta yaga jakar, ta lashe shi har ya yi kuka, ta datse cibiya da haƙori. Tsakanin ɗa da ɗa yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma tana iya hutawa har awa biyu ba tare da matsala ba. Kusan huɗu cikin kowane goma da ƙafafun baya suke fitowa, kuma wannan ba gardama ba ce a wajen kare.

Idan uwar ta yi sakaci, kamar yadda mai haihuwar fari kan yi, sai mai ita ya wanke hannu ya yaga jakar ta wajen fuska, ya share majinar hanci da baki, ya goge jikin da tsumma da ɗan ƙarfi har ya ji kuka. Ba a wujijjiga kwikwiyo a iska, domin yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Sannan a ɗaure cibiya da zare kimanin faɗin yatsu biyu daga ciki, a yanke bayan ɗaurin, a shafa aidin. Toka ko ƙasa ko kashin dabbobi ba su dace da cibiya ba, domin suna shigar da ƙwayoyin cuta.

4.6.3 Mataki na Uku

Wannan shi ne faɗowar mabiyiya, wadda kan biyo kowane ɗa cikin minti 15. Ya kamata a ƙirga, a tabbatar yawan mabiyiya ya yi daidai da yawan 'ya'ya, domin wadda ta maƙale takan ruɓe a mahaifa. Karya takan cinye mabiyiya, kuma wannan ɗabi'a ce, sai dai idan ta ci da yawa tana iya yin zawo.

4.7 Alamomin Haɗari

Akwai alamomin da idan an gan su babu sauran jira, sai neman likita:

(a) Yunƙuri mai ƙarfi na minti 30 ba tare da ɗa ya fito ba.

(b) Wucewar fiye da awa biyu bayan ɗa na ƙarshe, alhali an san da saura a ciki.

(c) Fitar koren ruwa kafin ɗan fari ya fito, wanda ke nuna mabiyiya ta rabu da mahaifa, ɗan kuma yana rasa iska. Bayan ɗan fari kuwa, koren ruwa ba abin tsoro ba ne.

(d) Zubar jan jini mai yawa, ko ruwa mai wari.

(e) Maƙalewar ɗa a hanya, ko suma, ko kasa tashi.

(f) Wucewar kwana 70 daga barbara ba tare da naƙuda ba.

Idan rabin ɗa ya fito ya tsaya, ana iya kama shi da tsumma mai tsabta a ja shi a hankali zuwa ƙasa, wato wajen ƙafafun uwar, daidai lokacin da take yunƙuri. Ba a jan ƙafa ɗaya ko jela. Idan bai taho ba, a bari. Babban kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne sayo allurar naƙuda a kemis a yi mata. Wannan allura tana matsa mahaifa ne, kuma idan ɗa ya toshe hanya, matsin na iya fasa mahaifar, a rasa uwa da 'ya'ya. Likita ne zai duba ya gane ko raunin naƙuda ne da allura za ta yi wa magani, ko toshewa ce da sai an yi fiɗa.

4.8 Jego da Renon 'Yan Kwikwiyo

Abu na farko bayan haihuwa shi ne kowane kwikwiyo ya sha dakashi a cikin yinin farko, domin bayan awa 24 hanjinsa ba ya iya ɗaukar kariyar da ke ciki. Mai rauni sai a kama masa nonon baya, wanda ya fi ruwa. Uwar za ta ci gaba da zubar da jinin biƙi, daga kore zuwa ja mai duhu, har kimanin mako uku ko fiye. Idan ya yi wari, ko ta yi zazzaɓi ta ƙi 'ya'yanta, ko nono ya kumbura ya yi tauri da zafi, sai a nemi magani.

Shayarwa ta fi ciki cin jiki, domin a mako na uku da na huɗu karya na buƙatar ninki biyu zuwa uku na abincinta. Ƙaramar karya mai 'ya'ya da yawa ita ce ta fi kamuwa da jijjigar shayarwa, wadda ƙarancin kalsiyam a jini ke kawowa, galibi a cikin makonni huɗu na farko. Takan fara da haki da rashin natsuwa, sai ƙafafu su sandare, jiki ya yi zafi, ta faɗi tana shure-shure. Wanda bai sani ba yana iya ɗauka hauka ce ko sammu, har a kashe ta, alhali allurar kalsiyam ta jijiya a hannun likita na tayar da ita cikin ɗan lokaci. Kafin a isa ga likita sai a janye 'ya'yan daga nono.

'Yan kwikwiyo kan buɗe ido tsakanin kwana 10 zuwa 14, su fara tafiya a mako na uku, su fara lasar kunu a mako na huɗu, sannan a yaye su tsakanin mako shida zuwa takwas. Raba kwikwiyo da uwarsa kafin wannan lokaci yana sa shi rauni da tsoro. Tunda tsutsar ciki na shiga jikinsu tun suna mahaifa da kuma ta nono, ana fara ba su magani daga mako na biyu, a maimaita kowane mako biyu. Kashinsu kuma a binne shi, domin ƙwan tsutsar na cutar da yaran da ke wasa da ƙasa.

Daga ƙarshe akwai rigakafi. Na cutar amai da zawon jini, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo, ana fara shi daga mako shida zuwa takwas. Na cutar haukan kare kuwa a wata uku ake yi, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karya mai jego takan yi cizo don kare 'ya'yanta ko da lafiyarta ƙalau. Duk da haka, wanda aka ciza sai ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

4.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa karyar gida takan haihu da kanta, amma ƙaramar karya, da mai haihuwar fari, da wadda babban kare ya yi wa barbara, suna buƙatar sa ido. An nuna cewa shirin ya ƙunshi riƙe ranar barbara, da ƙarin abinci a makonni uku na ƙarshe, da hutar da ita daga farauta, da keɓe makwanci mai tsabta da ɗumi, da sanin alamomin da ke wajabta neman likita. Mafi yawan waɗannan abubuwa ba sa buƙatar kuɗi mai yawa, sai lura da tanadi. Tunda Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, mafaraucin da ya yi sakaci da haihuwar karyarsa zai shiga farautar baɗi da tsofaffin karnuka ko na aro. A babi na gaba za a dubi yadda ake zaɓen kwikwiyo da horar da shi har ya fara bin sawu.